Daga Titin Waterloo Zuwa Changi: Bin Sawun Makarantar Japanawa a Singafo

Taron malamai ne ya kai ni Singafo, kuma da aka watse sai na ƙara 'yan kwanaki a wurin ɗan ƙanwata da ke karatun digiri na biyu a can. Galibin masu zuwa wannan tsibiri dogayen benaye da tashar jiragen ruwa suke zuwa kallo, amma ni da na ƙarar da ƙuruciyata a gaban allo, abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne wata makaranta da Japanawa suka kafa wa 'ya'yansu tun 1912, wadda ta yi ta ƙaura daga wannan unguwa zuwa waccan, yaƙi ya rufe ta har shekara 25, daga baya kuma ta sake tashi. Na ƙudurta in bi wuraren da ta zauna da ƙafata, domin kowane mazauni nata yana nuna irin Japanawan da ke garin a lokacin, da kuma abin da suke so 'ya'yansu su zama.

Daga unguwar Bugis muka fara. Yaron ya shigar da ni wani katafaren kanti mai suna Bugis Junction, muka ratsa tsakanin masu sayar da turare da takalma, sannan ya tsaya ya nuna mini sama. "Kawu, dubi da kyau, ai kan titi muke tsaye," in ji shi. Gaskiyarsa kuwa, domin tsofaffin tituna ne guda uku, Malay da Malabar da Hylam, aka yi musu rumfa da gilashi aka sanya na'urar sanyaya wuri, amma aka bar fuskokin shagunan da tagoginsu na katako bisa fasalin da. A waɗannan lunguna ne Japanawa suka fara taruwa tun daga shekarun 1870, kuma ba attajirai ne suka fara zuwa ba. Mafi yawansu 'yan mata ne daga ƙauyukan Shimabara da Amakusa na kudancin Japan, waɗanda talauci ya sa aka yi safararsu zuwa gidajen mata masu zaman kansu. A bayansu ne masu sayar da yadi, da masu ɗaukar hoto, da wanzamai, da likitocin haƙori suka biyo, har titin Middle da ke kusa ya zama babbar hanyar kasuwancin Japanawa, inda shagon yadi na Echigoya ya yi suna.

A kan wannan titi na Middle aka buɗe makarantar a 1912, a ɗakin haya, da yara da ba su kai 30 ba. Iyayen da suka kafa ta ƙananan 'yan kasuwa ne da suka riga suka yi jijiya a garin, kuma 'ya'yansu a nan aka haife su, suna tashi da Malayanci da harsunan Sinawa a bakinsu. Tsoron iyayen shi ne kada yaro ya girma bai iya karanta wasiƙar kakarsa ba. Ba da daɗewa ba Yaƙin Duniya na Ɗaya ya katse kayan Turai daga kasuwannin yankin, kayan Japan suka cike gurbin, bankuna da manyan kamfanoni suka buɗe rassa, masu gonakin roba suka bazu a Johor da ke tsallaken mashigi. A 1915 aka kafa Ƙungiyar Japanawa, wadda ta zama uwar makarantar, kuma a 1920 jakadancin Japan da manyan al'ummar suka sa aka rufe gidajen matan, domin mutanen da suka fara yin arziki ba sa so a riƙa tuna musu ta ƙofar da suka shigo. A daidai wannan lokaci ne suka gina wa makarantar mazauninta na kanta a lamba 155, titin Waterloo.

Ginin yana nan har yau, kuma tafiyar ba ta da nisa daga Bugis. Titin Waterloo wuri ne da ya cancanci mutum ya tsaya ya kalla a tsanake. A gefe ɗaya akwai wurin bautar Sinawa na Kwan Im, kusa da shi kuma na mabiya addinin Hindu mai suna Sri Krishnan, can gaba akwai majami'ar Yahudawa ta Maghain Aboth da aka gina tun 1878. Tsofaffin mata suna zaune ƙarƙashin manyan lemomi suna sayar da furen bado da tsinken turaren wuta, hayaƙi ya turnuƙe har yana sa ido ruwa, kuma na ga wata Basiniya ta fito daga wurin bautarsu, ta ɗan matsa gaba ta kafa tsinken turarenta a kaskon da ke ƙofar na Hindu, babu wanda ya ko ɗaga kai ya dube ta. Tsallaken wannan hayaniya ne tsohuwar makarantar take, bene mai dogayen tagogi da aka yi domin iska ta riƙa ratsa azuzuwa tun kafin zuwan na'urar sanyaya ɗaki. Yanzu sunansa Cibiyar Fasaha ta Stamford, kuma ƙungiyoyin raye-raye da kaɗe-kaɗen gargajiya ne ke cikinsa. Na hau matakalar a hankali ina jin ana buga ganga a wani ɗaki na sama, ina lissafin irin yaran da suka taka ta, domin bayan Japanawa, makarantar Gan Eng Seng ta zauna a nan daga 1947 zuwa 1951, sannan makarantar 'yan mata ta Stamford ta gaje ta, kafin a mayar da wurin na masu fasaha a 1988.

Karatun da aka yi a waɗannan ɗakuna na Japan ne tsantsa, irin na wancan zamani, wanda aka ɗora a kan umarnin da Sarki Meiji ya bayar game da ilimi a 1890, inda biyayya ga sarki da ƙasa take gaba da komai. Yaron da aka haifa a bayan shagon aski a titin Middle, wanda bai taɓa ganin ƙanƙara na sauka ba, yana haddace darussa a kan sanyin hunturu da furannin bazara, ana kuma koya masa cewa ransa na wani sarki ne da ke Tokiyo. A ganina wannan makaranta ta farko aikinta shi ne ta hana yaran zama 'yan Singafo, kuma ta yi nasara ta hanyar da iyayen ba su zata ba. Ranar 8 ga Disamba 1941 jiragen Japan suka jefa bama-bamai a garin, 'yan sandan Birtaniya kuwa suka bi gida-gida suka tattara Japanawa farar hula, maza da mata da yara, daga baya aka kwashe su a jirgin ruwa zuwa Indiya, inda aka tsare su cikin tantuna a tsohuwar ganuwar Purana Qila da ke Delhi. A nan zangon farko na makarantar ya ƙare.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi nauyi a tarihin nan. Ranar 15 ga Fabrairu 1942 Birtaniya ta miƙa wuya, sojojin Japan suka sauya wa tsibirin suna zuwa Syonan, kuma cikin 'yan makonni suka tace mazan Sinawa suka kashe dubbai a kisan da ake kira Sook Ching. Ɓangaren Japan ya amsa kimanin 5,000, mutanen Singafo kuwa suna ƙirga dubbai goma-goma. A shekarun mamayar an tilasta wa yaran gari koyon Japananci a makarantunsu, alhali yaran da aka gina wa makarantar Waterloo, waɗanda harshen nasu ne na gado, da yawansu suna can a tsare a Indiya. Da Japan ta miƙa wuya a Satumba 1945, an mayar da Japanawan da suka rage gida, kuma aka yi shekaru babu wata al'ummarsu a garin in ban da matattu.

Matattun na je na gaishe su, domin ba a fahimtar makarantar sai an ga maƙabartar. Tana can a unguwar Hougang, a tsakiyar gidajen masu hali, kuma an kafa ta a 1891 a kan filin da wani mai gidan mata kuma mai gonar roba, Futaki Takajiro, ya bayar domin a samu inda za a riƙa binne 'yan matan da suka mutu ba su da kowa. Duwatsun kabari 910 ne a wurin, kuma ita ce maƙabartar Japanawa mafi girma a kudu maso gabashin Asiya. Na durƙusa kusa da wasu ƙananan duwatsu da tsawonsu bai wuce gwiwa ba, an jera su sahu-sahu cikin ciyawa, ruwan sama ya cinye rubutun wasu har sai mutum ya shafa da yatsa kafin ya ji alamar sassaƙa. Waɗannan su ne na 'yan matan. Can gefe kuma ga babban dutsen Terauchi Hisaichi, kwamandan rundunar Japan ta kudu, wanda ya mutu a tsare a Johor a 1946, ga kuma wurin tunawa da Otokichi, yaron jirgin ruwan da guguwa ta ɓatar a 1832 har ta kai shi gaɓar Amurka, wanda ƙasarsa ta ƙi karɓarsa, ya ƙare rayuwarsa a Singafo a 1867. An daina binne mutane a nan tun 1973, kuma Ƙungiyar Japanawa, wato uwar makarantar, ita ce ke kula da wurin.

Shekarar da makarantar ta dawo ba ƙaramar shekara ba ce. A 1962 masu haƙa a yankin Siglap suka tono ramukan da aka zuba gawarwakin waɗanda aka kashe a 1942, gari ya ɗauki zafi, jama'a suka fito suna neman Japan ta biya abin da suka kira bashin jini. Singafo ta zama ƙasa mai cin gashin kanta a Agusta 1965, ta ƙulla hulɗar jakadanci da Japan a Afrilu 1966, kuma a Oktoba na wannan shekara aka daidaita a kan dalar Singafo miliyan 50, rabi kyauta rabi rance. A 1966 ɗin dai aka sake buɗe makarantar Japanawa a wani gida a unguwar Dalvey, wannan karon ma da yara da ba su kai 30 ba. Watanni kaɗan bayan haka, ranar 15 ga Fabrairu 1967, Firaminista Lee Kuan Yew ya buɗe hasumiyar tunawa da farar hular da suka mutu a mamayar, ginshiƙai huɗu farare da ke tsaye a kan titin Beach, da ƙasusuwan da aka tono a ƙarƙashinsu. Na tsaya a gindinta da la'asar, na ga cewa daga nan zuwa titin Waterloo tafiyar ƙafa ce kawai. Gwamnatin Lee tana bukatar masana'antu da ayyukan yi, kuma ta san cewa injiniya ba zai zo da iyalinsa garin da babu makarantar 'ya'yansa ba, don haka ta riƙe tunawa da hannu ɗaya, ta karɓi baƙin da ɗayan.

Dalvey ba ta riƙe ni ba, unguwar manyan gidaje ce da itatuwa, babu abin da zai nuna wa mai wucewa cewa an taɓa karatu a can. Daga nan makarantar ta yi ta bin yawan yara: ta koma Swiss Cottage, sannan West Coast a 1971, sannan aka gina babban mazauni a Clementi a 1976, aka ware wa ƙaramar sakandare wurinta a West Coast a 1984, aka kuma ƙara reshen firamare a Changi a 1995. Waɗannan shekaru su ne na zuwan kamfanonin ƙera jiragen ruwa da na kayan lantarki a yankin masana'antu na Jurong, da kantunan Isetan da Yaohan da Takashimaya, har gwamnatin Singafo ta riƙa kiran jama'arta su yi koyi da Japan wajen aiki. Ɗalibai suka haura 2,000, makarantar ta shiga sahun mafiya girma cikin makarantu sama da 90 irinta da Japan ke da su a duniya. Legas ma ta taɓa samun irinta a zamanin da kamfanonin Japan suka yi yawa a Najeriya, amma daga baya an rufe ta.

Reshen Clementi yana fuskantar Jami'ar Ƙasa ta Singafo inda yaron nawa yake karatu, kuma ta hanyarsa na haɗu da wani Bajapane da kamfaninsa ya turo aikin bincike, wanda 'yarsa take aji huɗu. Ba a shiga makarantar yara haka kawai, kuma ban nemi shiga ba. Da safe dai na tsaya nesa na ga motocin makaranta suna sauke yara, da yawansu da jakar baya mai tauri irin wadda ɗan firamare ke goyawa a Japan, kowa da gorar ruwa rataye a wuya. Da yamma muka zauna da mahaifin a rumfunan abinci na unguwar, ni da shinkafa da kaza daga wurin wata Bamalayiya mai shaidar halal, shi kuma ya fito da littafin Japananci na 'yarsa ya ajiye a tebur. Littafin ba shi da kauri, ana buɗe shi daga dama kamar littafin Larabci, rubutun yana gangarowa daga sama zuwa ƙasa, kuma a gefen kowane sabon harafi an zana yadda ake jan alƙalami, wane layi ne farko, wane ne na biyu. Yarinyar ta cika gefen shafi da fensir tana maimaita harafi ɗaya cikin ƙananan akwatuna, malamarta ta zagaye masu kyau da jan alƙalami. Ya ce kafin ta gama firamare sai ta san irin waɗannan haruffa 1,026, kuma yaron da ya yi shekara biyu bai bi sahu ba, da wuya ya kamo.

A nan ya warware mini yadda abin yake tafiya. Gwamnatin Japan ce ke aiko da littattafan kyauta, irin waɗanda ake rabawa a gida. Ma'aikatar ilimi ce ke zaɓo malamai daga makarantun gwamnati na jihohi daban-daban ta turo su na shekara biyu zuwa uku, sauran kuma makarantar ta ɗauka da kanta. Shekarar karatu tana farawa a Afrilu ta ƙare a Maris kamar a Japan, yara suna share azuzuwansu da kansu, suna sauya takalmi a ƙofa, ana yin ranar wasanni inda ake raba makaranta gida ja da gida fari. Amma makarantar ba ta gwamnati ba ce. Al'ummar Japanawa ce ke riƙe da ita, iyaye suna biyan kuɗi, kamfanoni suna ba da gudummawa, ƙasar da ake zaune a cikinta kuma tana kallonta a matsayin makaranta mai zaman kanta. Bambancin da ya ambata shi ne yawan darasin Turanci, wanda ake raba yara bisa ƙarfinsu. "Malam," ya ce da ni, "ni ban san ranar da takardar canjin wurin aiki za ta zo ba. Abin da nake so shi ne idan ta zo ranar Juma'a, yarinyar ta shiga aji a Osaka ta tarar suna shafin da ta bari."

Wannan magana ta bambanta makarantar yau da ta titin Waterloo. Ta farko an yi ta ne domin 'ya'yan mazauna kada su narke cikin gari, ta yanzu kuwa domin 'ya'yan masu wucewa kada su yi tuntuɓe idan sun koma. Na tuna da zangon Kumasi da unguwannin Hausawa a Sudan, inda abu na farko da iyaye ke nema bayan masallaci shi ne malamin da zai zaunar da yara gaban allo, sai dai namu ba su da wata ma'aikata a gida da ke aiko musu da malami da littafi. Tsarin Japanawa ya burge ni matuƙa ta fuskar tsari da cika alkawari, amma yana da tsadar da ba ta kuɗi ba. Yaro zai iya yin shekara biyar a garin da ake magana da harsuna huɗu na hukuma, ya fita daga gida ya shiga motar makaranta, ya dawo ya wuce darasin yamma na shirin jarrabawa, ya koma Japan ba shi da aboki ko ɗaya ɗan ƙasa. Mahaifin bai musa ba. Ya ce shi ya sa wasu abokan aikinsa, musamman waɗanda ba su da niyyar komawa da wuri, suke kai nasu makarantun ƙasa da ƙasa, sannan ranar Asabar su kai su makarantar cike gibi domin Japananci.

Changi na bari a ƙarshe saboda tana kan hanyar filin jirgin sama. Reshen makarantar yana kan titin Upper Changi North, gini mai faɗi da filin wasa, inda Ƙungiyar Japanawa ta shafe shekaru tana yin bikinta na bazara, dubban 'yan Singafo suna zuwa sanye da tufafin Japanawa suna rawa da su. A kan wannan titi ɗaya, in aka ci gaba, akwai gidan yarin Changi da gidan tarihin da ke ba da labarin fursunonin yaƙi da farar hular da sojojin Japan suka tsare a yankin, can bakin teku kuma akwai allon da ke nuna inda aka harbe Sinawa 66 ranar 20 ga Fabrairu 1942. Na shiga gidan tarihin na ga cokula da kofunan da fursunoni suka ƙera da hannu, da zanen da suka yi a ɓoye. Direban tasin da ya ɗauko mu daga can, dattijo ne Basine, da ya ji inda muka fito da inda muka fara tsayawa, sai ya ce kakansa na cikin waɗanda aka tafi da su ba su dawo ba, kuma shi da kansa ya yi shekaru yana jigilar wata iyali ta Japanawa da yaransu zuwa wannan makaranta. Ya faɗi duka biyun da murya ɗaya yana duban hanya.

Tun a rumfar abinci na tambayi mahaifin yarinyar ko ta san wannan ɓangare na tarihin. Ya ce shi bai san girman abin ba sai da ya zo Singafo, domin a nasa karatun 'yan layuka ne kawai, saboda haka ya kai ta gindin ginshiƙan nan huɗu da kansa, ya karanta mata abin da aka rubuta. Abin da ke gabansa yanzu shi ne lissafin gaba. Makarantar tana tsayawa ne a aji uku na ƙaramar sakandare, inda karatun dole yake ƙarewa a Japan, don haka idan zamansu ya yi tsawo, ko dai yarinyar ta nemi shiga babbar sakandaren Waseda Shibuya da ke West Coast, wadda aka buɗe a farkon shekarun 1990, ko kuma ita da mahaifiyarta su riga shi komawa domin ta zauna jarrabawa a gida, shi ya ci gaba da zama shi kaɗai har kamfani ya kira shi. Ya ce yawancin abokan aikinsa ta biyun suke zaɓa.